Kana Ji Na, Dogo?

Shafi na 19

Jama'ar gidan nan, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban tayar da Dogo ba ta daina karatu. 'Yar'uwa, da a hannuna tashin yake da tuni yana kan tsaninsa.

Waɗanda suka shigo mana yau, ga inda muke. Dogo mai gyaran wutar lantarki ne. Tsani ya zame da shi a wurin aiki, saman bayansa ya daki gefen dakali. Tun ranar yana kwance a asibiti, hannuwa na aiki, ƙafafu ba sa motsi. Masu jinyarsa biyu ne, mahaifiyarsa Inna, da matarsa da kowa ke kira Auta don ita ce ƙaramar gidansu. Kun kuma tuna abin da Yaya Babba, wan Auta, ya faɗa mata a bakin ƙofar ɗakin a farkon kwanciyar nan: in Dogo yana jin ƙafafunsa, akwai fata, ta zauna. In ba ya ji, Baba ya ce ba zai zuba ido ƙuruciyarta ta ƙare a juya mutum kan gado ba, gida za ta dawo.

Shi ya sa kowace safiya sai ta matsa babban yatsan ƙafarsa ta ce, "Kana ji na?" Shi kuma ya ce, "Ina jin ki." A kan wannan amsar auren yake tsaye. Yau kuma Yaya Babba ya ce zai zo ya gani da idonsa.

*

Auta ta turo ƙofa da bokitin wanki a hannu, har da ɗan waƙe-waƙenta ƙasa-ƙasa. Ranta fes yake tun safe, don da idonta ta ga ƙafar Dogo ta zabura a ƙarƙashin bargo, ba sau ɗaya ba. Inna kuwa babu wanda ba ta tare ta faɗa wa ba, har mai goge-gogen baranda sai da ya sha labari.

Tana kallon gadon waƙar ta yanke.

Dogo na kwance ya dafe kansa da hannu biyu. Gumi ne ke zuba daga goshinsa kamar an watsa masa ruwa, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf, idanunsa sun yi jajir. Da baki yake numfashi, hancin ya toshe.

"Kaina, Auta. Kaina zai tsage."

Inna na gefe tana masa fifita da kwali, tana cewa zafin gari ne, yanzu zai wuce. Auta ta taɓa ƙirjinsa, zafi da gumi. Ta zura hannu ta taɓa cikinsa, sanyi ƙalau, a bushe. Mutum ɗaya, jiki biyu. Nan take ta saki bokitin ta fita da gudu.

Sista, nas ɗin da ke kula da ɗakin, ba mai saurin kiɗimewa ba ce, amma tana leƙowa ta ga gumin nan sai ta canza tafiya. Ta murɗa gadon ta ɗaga shi zaune, ta kwance mazugin wandonsa, ta ɗaura masa abin awon jini a dantse. Da ta ga abin da ya nuna sai ta tura a kira likita maza. Ta bi robar fitsarinsa da hannu tun daga sama har jakar da ke rataye a jikin gado, ko ta lanƙwashe a wani wuri. Ba ta lanƙwashe ba.

"Wani abu na cin jikinsa a ƙasa," in ji ta. "Me aka yi masa yau da ba a saba yi ba?"

Auta ta ce babu. Inna ta ce babu, sai dai ɗan ɗumi da ta sa masa, don ƙafafun sun yi sanyi kamar na gawa.

Sista ta yaye bargon.

Robar ruwa ce, irin ta sha, an cika ta da ruwan filas. Zafi ya sa har ta motse ta canza kama. Tawul ɗin da aka naɗe ta da shi ya zame gefe, tana manne da ƙwaurinsa na hagu. Da Sista ta ɗaga ta, fatar wurin ta biyo ta. Abin da ya rage ja ne, yana naso, ga ƙuraje sun taso manya-manya har idon sawu.

Auta ba ta yi ihu ba. Hannu ta sa ta toshe bakinta.

Inna ce ta zube a ƙasa.

"Na tambaye shi. Wallahi na tambaye shi. Na ce ɗana kana ji? Ya ce ina ji, Inna. Da na ga ƙafar ta motsa na ce ɗumin ne ya karɓe ta, shi ne na zubar da na farkon na ƙaro mai zafi."

Ku da kuke shirin zagin Inna a ƙasan shafin nan, ku dakata. An taɓa faɗa a ɗakin cewa kada a sa wa masu ciwon baya abu mai zafi, ta ji sarai. Amma a lissafinta wannan dokar ta waɗanda ba sa jin jikinsu ce. Nata ɗan ai yana ji, da bakinsa ya faɗa. Ni dai tausayi ta ba ni, don babu abin da ya kai uwa ta ƙona ɗanta da hannun da ta ɗaga don ta taimake shi.

Likita ya shigo, ya ba Dogo magani, aka wanke ƙunar aka naɗe. A hankali gumin ya tsaya, ciwon kan ya fara sauka. Sai da likitan ya sake awo ya ga jinin ya dawo hanya sannan ya ja kujera ya zauna. Ya ce sun yi sa'a babba, irin wannan hawan jinin yana iya fasa jijiya a kai, mutum ya tafi ana masa fifita.

Auta na tsaye jikin bango. Muryarta ta fito a daƙile.

"Likita, ta yaya mutum zai ƙone haka bai yi ko tari ba?"

Likita ya juya ya kalli Dogo.

"Ni zan faɗa, ko kai? Ka roƙe ni in bar ka ka gaya musu da kanka, na bar ka. Yau ga inda barin ya kai mu."

Dogo ya juya fuskarsa bango.

Sai likita ya yi bayani, a hankali, yana nunawa a bayan Sista da yatsa. Ya ce ƙashin baya gida ne kawai, abin da ke cikinsa shi ne laka, ita ce hanyar da saƙo ke bi daga kai zuwa jiki, daga jiki zuwa kai. Ta Dogo ta ji ciwo a tsakanin kafaɗu, ciwo mai tsanani. Daga ƙirjinsa zuwa ƙasa, saƙo ba ya hawa, ba ya sauka. Ba ya jin taɓi, ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi, ba ya sanin mararsa ta cika. Jikin na ƙasa kuwa da ransa, in abu ya cutar da shi yana kuka, sai dai kukan ba ya isa kai. Shi ne jijiyoyin jini ke tsukewa, jini ya hau, gumi da ciwon kai su zo. Ya ce daga yau duk ranar da suka ga wannan gumin, a ɗaga shi zaune, a nemi abin da ke cinsa a ƙasa, a kira ma'aikata.

Inna ta ɗago daga ƙasa, ta riƙe ƙafar kujerarsa.

"Amma ta motsa, likita. Mu biyu muka gani."

"Ta motsa, Inna. Lakar da ke ƙasan ciwon tana iya fizge ƙafa ita kaɗai, ba da sanin kai ba." Ya nemi hanyar da ba ta da ƙaya, bai samu ba. "Gudun zafin take yi."

Kukan da Inna ta fasa ba zan iya rubuta muku shi ba. Sista ce ta kama ta ta fita da ita baranda. Likita ya bi bayansu, ya ja musu ƙofa.

Ɗakin ya rage su biyu. Ruwan bokitin da ta yar ya malale har ƙarƙashin gado, babu wanda ya kula.

"Kowace safiya ina tambayarka," in ji Auta.

"Ban taɓa miki ƙarya ba."

"Ba ka yi min ƙarya ba?"

"Me kike cewa in kin tambaye ni?"

Bai jira amsarta ba.

"Cewa kike, kana ji na. Ina jin ki, Auta. Muryarki nake ji."

Sai da ta dafa ƙarfen gadon. Kalma ɗaya, wadda take faɗa sau ɗari a yini ba ta taɓa juya ta ba, ashe a bayanta ya ɓuya duk tsawon kwanciyar nan.

Ya ce ranar farko ba da gangan ba ne. Yana farfaɗowa daga allurar barci, idonsa a rufe, ya ji muryarta tana cewa kana ji na, ya amsa. Sai ya ji ta yi tsalle tana kiran Inna. Da ya buɗe ido ya ga hannunta a kan ƙafarsa, sannan ya gane abin da ta tambaya. Ya so ya gyara, ya ce bari ta gama murnar tukuna. Da la'asar ɗin ranar Yaya Babba ya zo.

"Kun ɗauka barci nake. Ƙafafuna ne suka mutu, ba kunnena ba."

Daga nan ya koyi sata. In ta tsaya a ƙarshen gado ta zura hannu cikin bargo, kafaɗarta yake kallo. In ta dama ta sunkuya, ya san hagunsa ta kama. In Inna ce ma ba ya shan wahala, don ita sai ta kalli ƙafar da za ta taɓa tukuna. Yau ne kawai bai ga komai ba. Yana gyangyaɗi ya ji Inna ta ce kana ji, ya amsa yadda ya saba.

Abin da ya taso wa Auta ba tausayi ba ne, fushi ne zalla. Ta ce ya mayar da ita mahaukaciya, tana bin mutane a waya tana cewa mijinta ya kusa tashi. Ta ce sau nawa Sista ta kira ta ta koya mata yadda ake juya shi da yadda ake duba bayansa saboda gyambon kwanciya, tana cewa ba sai ta koya ba, kwana nawa ne ya miƙe. Ta ce da yau ya mutu fa, da wane baki Inna za ta ci abinci har ƙarshen rayuwarta?

Bai kare kansa ba. Sai da ta kai inda ya fi mata ciwo.

"Ka yanke min hukunci kai kaɗai. Ka zauna ka ƙaddara cewa tafiya zan yi. Wa ya gaya maka?"

"Ke."

"Ni?"

"Da Yaya ya gama maganarsa na kasa kunne in ji abin da za ki ce." Ya kalle ta. "Ba ki ce to ba. Amma ba ki ce a'a ba, Auta. Shiru kika yi. Shirun nan na ji shi fiye da maganarsa."

Gaskiya ya faɗa. Ranar ta yi shiru, kuma ita kanta ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba, don washegari ya sake cewa yana ji, tambayar ta mutu. Ashe ba shi kaɗai kalmar nan ta ɓoye ba.

Ta zauna a bakin gadon.

Dogo ya ci gaba, yana kallon silin. Ya ce tunda an fasa, gara ta ji duka. Shi aikinsa ke nan, ya san yadda abin yake: ƙwan fitila lafiya, makunni lafiya, amma waya ta tsinke a cikin bango, kuma wannan bangon ba a fasa shi. Ya ce ba tafiya kaɗai ba ce. Fitsari sai da roba. Bayan gida sai an taimaka masa, a kan lokaci, kamar yaro. Dole a riƙa juya shi dare da rana, in ba haka ba fatar bayansa ta ɓule bai sani ba. Maganar da ke tsakanin miji da mata kuwa, likita ya ce akwai abin da za a zauna a tattauna, amma ba za ta koma yadda take ba. Ya ce hannuwansa na nan, an ce zai koyi hawa keken guragu da kansa, zai iya gyaran rediyo da fanka a kan tebur. Iyakar abin da yake da shi ke nan, ba zai ƙara mata ko ɗigo a kai ba.

"Ina kallon ƙafafun nan kamar na wani aka ba ni ajiya," ya ce. "In za ki tafi, ki tafi kin san abin da kika bari. In za ki zauna ma haka."

Ba ta ce komai ba. Ita ma ta ji shirun nata a wannan karon, ya yi mata nauyi a kunne.

Sista ta leƙo da tsumma ta goge ruwan ƙasa. Kafin ta fita ta nuna wa Auta diddigensa, ta ce a samu abu mai laushi a tokare ƙasan ƙafar, kada ƙunar da diddigen su riƙa gogar katifa. Ta ce za ta nemo matashi in ta samu wanda ba kowa a kai.

Ko minti biyar ba a yi ba aka ƙwanƙwasa.

Yaya Babba ne, makullin mota a hannu. Mutum ne da ba ya zama in ya zo dubiya, kuma ba ya tambayar abin da bai riga ya san rabin amsarsa ba. Ya yi wa Dogo ya jiki, Dogo ya ce da sauƙi. Ya ce ya ga Inna a baranda tana kuka, ta kasa yi masa magana. Idonsa ya sauka kan bandejin.

"Auta. Yana ji, ko ba ya ji?"

Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta.

"Yana ji, Yaya."

Dogo ya juyo ya kalle ta.

Yaya Babba ya gyaɗa kai. Ya taka zuwa ƙarshen gadon, ya ɗaga bargon da hannu ɗaya ya yi shamaki da shi yadda Dogo ba zai ga komai ba, har kafaɗunsa ya ɓoye. Ya sa ɗaya hannun a ciki.

"To, Dogo. Wace ƙafa na riƙe?"

Auta na tsaye a bayan Yayanta, tana ganin hannun. Dogo na ganinta. A hankali, kamar mai gyara tsayuwa, ta sunkuyar da kafaɗarta ta dama.

Ya gani. Ta san ya gani, don sai da leɓensa ya yi rawa. Amsar na bakinsa, kalma ɗaya ce, kuma da ita Yaya zai koma mota.

Sai ya rufe idonsa.

"Ban sani ba, Yaya. Ba na ji. Tun ranar da na faɗo ban ji ba, kuma likita bai sa min rai ba." Ya buɗe ido. "Amma abin da ka faɗa a bakin ƙofar nan, na ji shi."

Yaya Babba ya saki bargon. Ba zan ce muku bai ji kunya ba, don sai da ya kalli ƙasa. Amma ba shi ya aiko kansa ba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ce babu wanda ya so haka. Sannan ya juya ga ƙanwarsa.

"Ɗauko mayafinki."

Mayafin na rataye a kan kujera. Auta ta je ta ɗauko shi. Dogo bai kalle ta ba, ya kafe silin da ido, hannunsa ya damƙe gefen katifa har jijiyoyin suka fito.

Ta ninka mayafin biyu. Ta sake ninkawa. Ta zagaya ƙarshen gadon, ta ɗaga ƙafarsa ta hagu da hannu biyu, ƙafar da nauyi kamar ba ta mai rai ba, ta tura mayafin a ƙasa yadda Sista ta nuna, har diddigen ya bar katifa. Ta gyara bargon.

"Na ɗago ƙafarka ta hagu," ta ce masa. "Daga yau ni zan riƙa faɗa maka. Ba zan sake tambaya ba."

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne.

Yaya Babba ya daɗe yana juya makullin a hannunsa.

"Ba ni za ki yi wa wannan ba, Auta. Baba na cikin mota. Ya ce in amsar ita ce ba ya ji, ƙafarsa ƙafarki. Ki fito ki gaya masa da bakinki."

Tunda aka haife ta ba ta taɓa ce wa Baba a'a ba, ko a kan abin da bai kai wannan ba. Ta kalli ƙofa, ta kalli kanta babu mayafi.

"Ba sai ta fita ba, Yaya," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa.

Duk suka juyo.

"Ina jin sandar Baba a baranda. Ya kusa ƙofa."